Rariyar Sauti: Yadda Za a Raba wa Wufa da Ƙananan Sifiku Aiki da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu gyaran rediyo a kasuwar Talata Mafara, ko ya leƙa shagunan cajin waya da tura waƙoƙi a Bakura da Maradun, zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa: ƙananan sifiku jibge a lungu, wata takardar bakinta ta yage, wata kwayil ɗinta ya ƙone har yana wari. In ka tambayi mai su, amsar ba ta wuce "ai jabu ce" ko "wuta ce ta zo da ƙarfi". Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa lafiyar sifikar ƙalau aka sayo ta, aikin da ba nata ba aka ba ta. An ɗora wa akuya kayan raƙumi.

Maganar ta shafi da yawa daga cikinku, ƙannenmu na sakandare. Akwai wanda ya yi watanni yana adana kuɗin tara, ko ya yi ƙwadago a gonakin shinkafa lokacin hutu, ya sayi 'yan sifiku biyu irin waɗanda ake ɗorawa kan kanta ko tebur. Akwai kulob ɗin 'yan jarida ko na wasan kwaikwayo da aka damƙa wa kayan sautin makaranta, aka ce su riƙe amana har ranar raba kyaututtuka. Sai a wayi gari an samo tsohuwar wufa a wurin yaya ko kawu, wato babbar sifikar nan mai fitar da kaurin sauti, a ce bari a haɗa su gaba ɗaya a sha kiɗa. Daga nan matsala take farawa, domin akwai wani ɗan abu da ya kamata ya shiga tsakanin wufa da ƙananan sifiku, wanda masu gyara ke kira kurosoba. Mu mun fi so mu kira shi rariyar sauti, domin aikinsa tankaɗe ne: gari ya wuce gefe ɗaya, tsaki ya tsaya a ɗaya gefen.

Me ya sa ƙaramar sifika take tsoron kauri?

Sauti girgizar iska ce. Yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya ana auna shi da hatz, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyyar Jamus Heinrich Hertz, kuma ana taƙaita shi da Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000. A ƙasan wannan tsani kauri yake: rugugin aradu daga nesa, ƙugin tambari, dirin babbar mota a kan titin Gusau zuwa Sakkwato. A can sama kuma siririn sauti yake, irin kukan gyare da kacaniyar makullai. Gindin muryar babban namiji yana tsakanin Hz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, amma abin da ke sa a bambance "sa" da "tsa" yana can cikin dubbai.

Sifika ba ta yin komai face tura iska gaba da baya. Siririn sauti ɗan motsi kawai yake buƙata, wanda ido ma ba ya gani. Kauri kuwa sai an tura iska mai yawa. Ga dokar da ya kamata kowa ya riƙe: duk lokacin da hatz ya ragu da rabi, sai takardar sifika ta yi tafiyar da ta ninka sau huɗu kafin ta ba da sauti mai ƙarfi iri ɗaya. Daga Hz 100 zuwa 50, ninki huɗu. Zuwa 25, ninki 16. Fuskar wufa mai faɗin inci 12 ta ninka ta sifika mai inci 5 kusan sau shida, ga shi an ƙera ta da dogon zangon motsi. Ita ƙaramar, da zarar an murɗa mata sauti, sai ta kai iyakarta, kwayil ya riƙa dukan gindin maganaɗisu, ka ji tana "fat-fat". Kuma tun da takardar nan ɗaya ita ce ke ɗauke da muryar mawaƙi, sai muryar ta shaƙe tana rawa. Ƙarfin wutar da bai zama sauti ba zafi yake zama, zafin ya cinye fentin da ke jikin siririyar wayar kwayil, shi ke nan sai a kai wa mai naɗi.

Ɗan yankinmu ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato tana shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun, amma ba wanda ke sakin ruwan babban kanal kai-tsaye cikin fangali. Sai ya bi ƙofa bayan ƙofa, ana rage shi daidai abin da kowace hanya za ta ɗauka. Kauri shi ne ruwan babban kanal.

Rariya biyu ce, ba ɗaya ba

A nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Cikakkiyar kurosoba ɓangare biyu gare ta. Ɗaya yana tare siririn sauti kada ya shiga wufa, kuma a jikin na'ura za ku ga an rubuta masa LPF. Ɗayan yana tare kauri kada ya shiga ƙananan sifiku, shi kuma HPF ake rubuta masa. Yawancin kayan da ake tallatawa da arha ɓangaren farko kaɗai suke da shi. Wufa za ta yi ta ƙugi gwanin daɗi, mai kaya ya ɗauka ya gama, alhali ƙananan sifikunsa suna nan suna shan kaurin da suke sha tun farko. Ya ma ƙara musu wahala, domin yanzu da wufa ta rufe kukansu ba zai ji lokacin da suka fara shaƙewa ba. In kuɗinka na abu ɗaya ne, to a HPF za ka sa shi.

Rariya kuma tana da kaifi daban-daban. Ba wuƙa ba ce da za ta yanke sauti ɗif a Hz 100, a hankali take rage shi. Ana auna ragin da desibel a duk rabin hatz. Mafi sauƙi tana rage desibel 6, wato a Hz 50 wajen rabin ƙarfin wutar yana wucewa har yanzu. Mai 12 ta fi. Mai 24 kuwa abin da ke wucewa bai fi kashi ɗaya cikin 16 ba. Wani injiniyan Ingila, Stephen Butterworth, ya bayyana lissafin irin wannan tacewa tun 1930. A 1976 Siegfried Linkwitz ya wallafa tsarin da suka yi da abokin aikinsa Russ Riley a kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, wanda ke sa sautin wufa da na ƙaramar sifika su haɗu a mahaɗa ba tudu ba kwari. Har yau in ka ga an rubuta Linkwitz-Riley ko LR24 a jikin kwali, wannan ake nufi.

Tambayar farko: amfilifaya nawa gare ka?

Kafin ka je kasuwa, amsa wannan. Amsar ce za ta nuna maka irin rariyar da za ka saya.

In amfilifaya ɗaya gare ka, dole rariyar ta zauna tsakaninta da sifiku, kuma ba ta buƙatar wuta. Abin da ke tare kauri shi ne kafasita, wadda masu gyaran fanka ke kira kondensa. 'Yan ajin ƙarshe masu karatun Fiziks, ku buɗe littafinku a babin wuta mai kaiwa da komowa, domin lissafin da kuke haddacewa saboda WAEC da NECO shi ne wannan: turjiyar kafasita ita ce 1/(2πfC). Idan hatz ya yi ƙasa turjiyar ta yi yawa, kauri ya rasa hanya. Idan hatz ya yi sama turjiyar ta ragu, murya ta wuce salin-alin. Mahaɗar tana wurin da turjiyar kafasita ta yi daidai da ta sifika, saboda haka C = 1/(2πfR).

Bari mu gwada. Sifika mai om 8, muna son mahaɗa a Hz 100. A ninka 6.28 da 100 da 8, a samu 5,024. Ɗaya a raba da wannan ya ba mu wajen maikurofarad 200. A kasuwa 220 aka fi samu, wadda za ta ba da mahaɗa a wajen Hz 90. In sifikar mai om 6 ce, 220 ɗin za ta ba da Hz 120. In mai om 4 ce, sai a nemi 330 don Hz 120, ko 470 don Hz 85. Ana sa kafasita ɗaya a kan jar wayar kowace sifika, a jere, ba a gicciye ba. In rubutun bayan sifikar ya goge, a auna da mita: mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7, mai om 4 kuma 3 da 'yan kai.

Sai dai ba kowace kafasita ba. Wutar da ke zuwa sifika gaba da baya take yi, don haka ana buƙatar kafasitar da ba ta da gefen ƙari da gefen ragi, wadda aka rubuta wa NP ko BP. In ba a samu ba, akwai dabarar masu gyara: a ɗauki guda biyu na yau da kullum masu girma ɗaya, a haɗa ƙafafunsu na ragi wuri ɗaya, a yi amfani da ƙafafun ƙari biyu da suka rage. Girman zai koma rabi, wato 470 biyu su ba da 235, daidai da sifika mai om 8. A duba bolt ɗin da aka rubuta a jikinsu. Amfilifaya mai wat 50 a kan om 8 tana iya kai bolt 28, don haka kada a sayi ƙasa da mai bolt 50, mai 63 ko 100 ta fi kwanciyar hankali. (Kada wani ya ce zai ciro kondensar tsohuwar fankar sama. Ita wajen maikurofarad 2.5 ce, a kan om 8 mahaɗarta tana kusan Hz 8,000. Tuwita za ta iya karewa, amma in ka sa wa sifikarka za ta koma kamar kukan sauro.)

Ɓangaren wufa kuma kwayil yake buƙata, lissafinsa L = R/(2πf). Wufa mai om 8 a Hz 100 tana son milihenri 12.7, mai om 4 kuma 6.4. A nan arha take ƙarewa. Kwayil mai wannan girma dunƙulen tagulla ne mai nauyi, kuma kowa ya san yadda tagulla take tsada. In aka naɗa shi da siririyar waya don a rage kuɗi, shi zai riƙa shanye ƙarfin da ya kamata wufa ta samu. Ƙananan allunan kurosoba da ake sayarwa a rumfunan masu gyara, masu ɗan kwayil kamar zobe, yawanci don raba sifika da tuwita aka yi su, mahaɗarsu tana cikin dubban hatz. Ba za su yi maka aikin wufa ba ko da mai shago ya rantse.

Akwai kuma abin da lissafin littafi ba ya faɗa. Om 8 ɗin da aka rubuta a bayan sifika ba a tsaye yake ba. A daidai wurin da sifikar ke da nata amon, wanda ga ƙananan akwatuna yakan faɗo kusa da inda muke son yankewa, turjiyarta tana iya ninkawa sau da yawa, kafasitar ta rage tasiri a wurin. Saboda haka a ganinmu kafasita a wayar sifika garkuwa ce mai arha da ta fi babu nesa ba kusa ba, amma ba ita ce ƙarshen magana ba. Kada kuma a taɓa haɗa wufa da ƙaramar sifika a baki ɗaya ba rariya. Om 4 da om 8 a gicciye om 2.7 suke bayarwa, amfilifaya da yawa ba sa jure wannan.

Hanyar da ta fi dacewa da mai batirin sola

In wufa tana da tata amfilifaya, komai ya yi sauƙi, domin za a tace sautin tun yana ƙarami, kafin a ƙara masa ƙarfi. A wannan matakin ƙananan kayan aiki sun isa, kuma kowace amfilifaya za ta yi aikin ɓangarenta kaɗai. Amfanin ba kare sifika kawai ba ne. Kauri shi ke cinye mafi yawan ƙarfin amfilifaya, in aka ɗauke mata shi sai ta samu sararin fitar da murya tas.

Allunan da matasa suka fi saya yanzu su ne masu baki uku, biyu na ƙananan sifiku ɗaya na wufa, waɗanda aka gina a kan ƙwaƙwalwar TPA3116D2 ta kamfanin Texas Instruments. Suna aiki da bolt 12 zuwa 24, ba sa zafi sosai, ba sa shan batir da yawa. Suna da maɓallin daidaita mahaɗar wufa. Amma a lura, da yawansu LPF kaɗai suke da shi, bakunan ƙananan sifiku kuwa sauti gaba ɗaya suke fitarwa. Gwajin ba wuya: a shagon, a cire wufa, a kunna waƙa mai kauri, a ɗora yatsa a hankali a gefen takardar ƙaramar sifikar. In tana tsalle, ba HPF. Sai ka ƙara kafasitocin da muka lissafa a sama.

Kada kuma manyan lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Allon da aka rubuta wa wat 100, in batir mai bolt 12 ka ba shi, abin da zai iya bayarwa a kan om 4 bai wuce wajen wat 18 ba kafin sautin ya fara fashewa. Da cajar laftof mai bolt 19 zai kai wajen 45, da bolt 24 wajen 70. Lissafi ne, ba ra'ayi ba: bolt sau bolt, a raba da ninki biyu na om. Lambar da aka biyo ta da haruffan PMPO kuwa, a karanta ta a wuce. Wat 18 mai tsabta ya ishi ɗakin saurayi da ajin makaranta. Abin da ke ƙona tuwita shi ne a matsa wa ƙaramar amfilifaya har sautinta ya fashe.

Ga wanda ke da amfilifaya biyu daban, akwai wata dabara da kusan kyauta ce. A sa 'yar ƙaramar kafasita a kan wayar da ke shigar da sauti cikin amfilifayar ƙananan sifiku. Lissafin bai canza ba, sai dai yanzu R ita ce turjiyar mashigar amfilifayar, wadda dubban om ce. In om 50,000 ce, kafasita mai nanofarad 33, wadda aka buga wa lamba 333 a jiki, za ta ba da wajen Hz 100. In om 10,000 ce, sai mai lamba 154. Ana samun irinsu a tsoffin allunan rediyo da talabijin da masu gyara ke zubarwa. A nan matsalar hawa da saukar turjiyar sifika ba ta shigowa, don haka ta fi babbar kafasita aiki daidai. Sai an ɗan yi gwaji da girma biyu ko uku, domin ba kowace amfilifaya ke faɗin turjiyarta ba.

Amma in za a tambaye mu abin da ya fi dacewa da ɗalibin Mafara ko Bakura ko Maradun, za mu ce kurosobar mota. Akwati ne kamar girman littafi, wanda masu haɗa sautin mota ke sawa a bayan kujera. Da bolt 12 yake aiki, wato batirin solar gidanku ya ishe shi ko an kwana uku ba a ga wuta ba. Yana da HPF da LPF duka, kowanne da maɓallinsa, yawanci masu kaifin desibel 12 ko fiye, kuma bakunansa irin ja da farin nan ne da kuka sani a bayan bidiyo. Ana samun na hannu a wurin masu wayarin ɗin mota a Gusau da Sakkwato, da kuma kasuwar Sabon Gari ta Kano inda 'yan kasuwarmu ke saro kayan lantarki. Abu ɗaya ke ruɗa masu sayensa: akwai baki na uku mai rubutun REM. In ba a haɗa shi da jar wayar batir ba, akwatin ba zai tashi ba, mutum ya ɗauka matacce aka sayar masa.

Sama da wannan akwai kayan masu sana'a, irin su Behringer CX2310 da dbx 223, masu kaifin desibel 24, da kuma miniDSP 2x4 HD wanda ake daidaitawa da kwamfuta. Suna da kyau, ba musu. Amma na masu kiɗan biki ne da manyan ɗakunan taro, kuɗin ɗaya zai iya fin na sifikunka biyu da wufar a haɗe. In makaranta ce za ta saya don zauren taro, to, ya cancanta.

Wajen sayen na hannu, a buɗe ido. Kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi zufa ta mutu. In za a sayi sabuwa, a nemi wadda aka rubuta wa digiri 105 maimakon 85, domin a watan Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwati a ƙarƙashin rufin kwano. A murɗa kowane maɓalli ana saurare, in yana ƙarar yashi ƙurar hunturu ce ta shige shi, a nemi ragi. Sannan maganar tsaro, wadda ba wasa a cikinta: duk na'urar da ake sa wa a soket, kada a buɗe ta sai tare da malamin Fiziks ko mai gyara, domin manyan kafasitocinta suna riƙe wuta ko bayan an zare ta. A kan allunan TPA3116D2 kuma, baƙar wayar kowace sifika tata ce ita kaɗai. In ka haɗa baƙaƙen wayoyin wuri ɗaya kamar yadda ake yi a tsohuwar rediyo, allon zai iya ƙonewa nan take.

A ina za a tsayar da mahaɗa?

Lambar da za ku fi ji ita ce Hz 80. Kamfanin THX, wanda ya fito daga Lucasfilm masu finafinan Star Wars a 1983, shi ya yaɗa ta a matsayin ma'aunin sautin silima a gida. Dalilin shi ne a ƙasa da haka kunne yana wahalar gane daga ina sauti yake fitowa, don haka wufa tana iya zama ko'ina a ɗaki. Amma wannan lamba ta dace ne da sifiku masu inci 5 ko 6 a cikin akwati mai kyau. Masu inci 4 sun fi son Hz 100 zuwa 120, masu inci 3 har 150. In mahaɗarka ta haura 120, sa wufa a tsakanin sifikun biyu ko kusa da su, in ba haka ba za ka ji muryar mutum ta rabu, rabi a tebur rabi a bayan ƙofa. In akwatin sifikarka yana da rami na fitar iska, ƙara kiyayewa, domin a ƙasan amon ramin takardar ba ta da abin da ke riƙe ta.

Akwai manhajojin waya na kyauta masu fitar da amo ɗaya tsantsa a hatz ɗin da ka zaɓa. Da su ake gwajin da mutane suka fi mantawa. A sa amon a daidai mahaɗa, a rage sauti, a saurara. Sannan a kashe amfilifaya, a juya wayoyin wufa, ja a wurin baƙa, a sake saurara. Inda amon ya fi cika, nan ne daidai. In ba a yi haka ba, wufa tana iya tura iska a lokacin da ƙananan ke janyowa, su kashe juna, ka rasa kauri a wurin da ka kashe kuɗi don ka same shi.

Ɗaki ma yana da nasa bakin. A zafinmu sauti yana tafiyar wajen mita 350 a daƙiƙa, don haka zangon igiya ɗaya ta Hz 80 ya haura mita huɗu, kusan tsawon ɗakin kwana. Shi ya sa za ka ji kauri ya taru a wani lungu, a tsakiyar ɗaki kuma babu. Dabarar ita ce ka ɗora wufa a wurin da kake zama, ka kunna waƙa, ka zagaya gefen bango a durƙushe. Inda ka ji kaurin ya fito daidai, ba ya kumbura ba ya ɓata, nan za ka ajiye ta. 'Yan gidanku za su yi dariya, ƙyale su. Kusurwa tana ƙara ƙarfi amma tana iya sa sautin ya yi gunji. In kwano ko ƙofar ƙarfe na karkarwa, ba laifin kurosoba ba ne, a cusa tsumma ko a rage.

Ragewar tana da wani dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Sautin da aka tace da kyau ba ya damun kunne da wuri, don haka ya fi sauƙin murɗawa fiye da kima. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ya yi yawa. Kauri kuma bango ba ya tare shi kamar yadda yake tare murya, maƙwabcin da ke sallah ko ƙanwar da ke bitar jarrabawa su ne za su sha dirin.

Gwajin ƙarshe da kunne ake yin sa, kuma a nan 'yan yankinmu sun yi sa'a. Waƙoƙin zamani da ake haɗawa a situdiyo da piyano suna da kauri mai zurfi, da su za ka gane ko wufa tana aikinta. Amma don ka gane ko mahaɗa ta zauna daidai, nemi waƙar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ko ta Sa'idu Faru. Tsoffin ɗaukar nan ba su da kauri mai zurfi sosai. Abin da ke cikinsu muryoyin maza ne, jagora da 'yan amshi, da kiɗan kotso, kuma gindin waɗannan muryoyin yana zaune ne daf da inda wufa da ƙananan sifiku ke miƙa wa juna aiki. Kunna, ka rufe ido. In ka ji 'yan amshi suna fitowa daga akwatin wufa, ko muryarsu ta yi kauri kamar suna cikin randa, mahaɗa ta yi sama ko wufa ta yi ƙarfi, sai ka sauke. In muryoyin sun yi fayau ba jiki, kotso ya koma kamar ana buga gwangwani, akwai rami a tsakani: ɗaga LPF kaɗan, ko ka sake gwada juya wayoyin. Ka riƙa murɗa maɓalli ɗaya a lokaci ɗaya, in ka samu wurin da ya zauna ka sa masa alama da biro a jikin akwatin, saboda ƙannenka za su taɓa.